Daga 109 Zuwa 123 Cikin Dare Ɗaya: Nazarin Lamarin Wata Dattijuwa Da Gishirin Jininta Ya Faɗi

Mako biyu kafin a kwantar da ita

Dattijuwa ce mai shekara 68, nauyinta kilo 52, tana zaune a gidan ɗanta a wani gari na arewacin Najeriya. A farkon watan Afrilu, bazara na tsakiyar ganiyarta, ta je ganin likita saboda ciwon kai. Aka auna jininta ya kai 168/96. Aka rubuta mata maganin hawan jini na rukunin tiyazaid, wato haidurokulorotiyazaid miligiram 25 kowace safiya, aka ce ta rage gishiri ta kuma yawaita shan ruwa. Ba a gwada sodiyam ɗin jininta, wato gishirin jini, kafin ta fara ba, ba a kuma sa mata ranar gwaji bayan ta fara ba.

Mutanen gida suka ɗauki shawarar da ƙarfinta. Aka ware mata tukunyar miya babu gishiri babu magi. Miya ta zama lami, tuwo ya fita mata a rai, ta koma kan koko da safe, kunu da rana, shayi da dare. Ruwa kuwa ba ya yankewa a gefen tabarmarta, tana shan lita uku zuwa huɗu a yini.

Abubuwa uku ne suka haɗu a nan. Tiyazaid yana toshe tsotse sodiyam da kuloraid a sashen bututun ƙoda da ke tsinka fitsari, saboda haka ƙoda takan kasa fitar da ruwa zalla, ga shi tana zubar da sodiyam da potasiyam. Na biyu, ƙoda ba ta fitar da ruwa sai da abin da zai ɗauke shi, wato gishiri da yuriya da ke fitowa daga furotin. Idan abin da mutum ke fitarwa a yini ya sauka zuwa miliosmol 300 (ma'aunin yawan abin da ya narke a ruwa), kuma ƙodarsa ba ta iya tsinka fitsari ƙasa da 150 a kowace lita, to lita biyu ce iyakarta. Na uku shi ne ruwan da take sha, wanda ya zarce wannan iyaka kullum. Tsofaffin mata marasa jiki su ne tiyazaid ya fi yi wa haka, kuma yawanci a makonnin farko na fara shan sa.

Kwana huɗu kafin a kwantar da ita

Kasala ce ta fara, sai tashin zuciya, sai tangaɗi idan ta tashi zuwa alwala. Aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka sayo magani a kemis. Kwana biyu babu sauƙi, sai ma rikicewar magana: tana kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Aka kai ta wani ƙaramin asibiti na unguwa, aka ga ba ta cin abinci, aka ɗaura mata ƙarin ruwa na sukari kashi 5, leda biyu, lita ɗaya ke nan.

Ruwan sukari kashi 5 babu sodiyam a cikinsa ko kaɗan. Da zarar jiki ya ƙone sukarin, abin da ya rage ruwa ne zalla. Ga mace mai wannan nauyi lita ɗaya tana iya sauke sodiyam da maki 4 zuwa 5. Bayan 'yan sa'o'i ta yi amai sau uku, sannan ta shiga jijjiga.

Abin da ke gudana a cikin kanta a waɗannan kwanaki

Sodiyam ɗin jinin mai lafiya yana tsakanin milimol 135 da 145 a lita. Shi ne ke riƙe ruwa a waje da ƙwayoyin halitta. Idan ya faɗi, jini ya fi cikin ƙwayoyin tsinkewa, ruwa ya kwarara ciki, su kumbura. Hanta ko tsoka suna da wurin kumbura. Ƙwaƙwalwa ba ta da shi, domin ƙoƙon kai akwati ne da ba ya buɗewa. Tun 1783 Alexander Monro na Edinbura ya bayyana haka, George Kellie ya ƙarfafa shi a 1824: ƙwaƙwalwa da jini suna raba wuri ɗaya, idan ɗaya ya ƙaru dole wani ya matsa.

Ba ƙwayoyin jijiya ne ke fara shan ruwan ba. Astrosayit ne, ƙwayoyin nan masu siffar tauraro da ke miƙa ƙafafuwa su lulluɓe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa. A tafin waɗannan ƙafafuwa akwai ƙofofin ruwa da ake kira akwaforin-4, daga dangin furotin ɗin da Peter Agre ya tabbatar da aikinsu a 1992, abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2003.

Zaman waɗannan ƙofofi a daidai bakin hanyar jini ba dace ba ne. Ɗaure su aka yi a wurin, kuma abin da ya ɗaure su shi ne ƙwarangwal ɗin ƙwayar, wato saitoskeleton, saƙar zaren furotin da ke ba ƙwaya siffarta. Wani furotin mai suna alfa-sinturofin yana riƙe akwaforin-4, shi kuma yana manne da disturofin, disturofin yana kama zaren aktin ta ciki, ta waje kuma yana haɗe da shimfiɗar da ke kewaye da hanyar jini. A ɓerayen da aka cire wa alfa-sinturofin, ƙofofin sun watse daga tafin ƙafar, kumburin ƙwaƙwalwa ya yi jinkirin zuwa. A shekarar 2000 kuma ɗakin binciken Alan Verkman da ke San Faransisko ya nuna ɓerayen da ba su da akwaforin-4 gaba ɗaya sun fi tsira idan aka ɗura musu ruwa fiye da kima.

Aikin ƙwarangwal na biyu shi ne hana ƙwaya fashewa. Fatar ƙwayar halitta ba roba ba ce, idan aka ja ta fiye da kimanin kashi 3 cikin ɗari na faɗinta yagewa take yi. Amma ƙwaya tana iya kumbura nesa da haka, saboda fatar a tattare take kamar bakin buje, kuma ragar aktin da ke ƙarƙashinta ce ke riƙe da tattarar. Ruwa na shiga ragar ta sassauta, ninkin ya warware, ƙwaya ta samu fili ba tare da fatar ta miƙe ba. Wannan yana saya mata lokaci ne kawai.

A cikin lokacin take fara zubar da kaya. Da farko potasiyam da kuloraid ne ke fita, ruwa ya bi su, cikin mintuna zuwa sa'o'i. Babbar ƙofar kuloraid ɗin, wadda ake kira VRAC, an shafe shekaru ana auna aikinta ba a san furotin ɗinta ba, sai a 2014 ɗakunan bincike biyu, na Thomas Jentsch a Balin da na Ardem Patapoutian a Kalifoniya, suka gano LRRC8A ne ginshiƙinta. Idan faɗuwar sodiyam ta ci gaba, ƙwayar takan koma zubar da wasu ƙananan sinadarai da ta tara a cikinta: taurin, gulutamet, gulutamin da mayo-inositol. Wannan yakan kammala cikin sa'a 24 zuwa 48. A nan ma da hannun ƙwarangwal. Astrosayit ɗin da aka raba da zarurrukansu na tsakiya, GFAP da bimentin, ba sa sakin taurin yadda ya kamata idan aka sa su a ruwa mai tsinki, haka kuma a nau'o'in ƙwayoyi da dama magungunan da ke wargaza aktin suna rage musu iya komawa girmansu.

Shi ya sa wannan dattijuwa ta yi kwanaki tana tafiya da ƙafarta alhali sodiyam ɗinta yana wurin da, da a sa'a biyu ya sauka can, da tuni ta suma. Ƙwaƙwalwarta ta riga ta zubar da kayanta ta daidaita. Litar ruwan sukarin ta sauka ne a kan ƙwayoyin da ba su da sauran abin zubarwa.

Rana ta 1, ƙarfe 4 na yamma

An iso da ita babban asibiti ba ta cikin hayyacinta, ta sake jijjiga a ɗakin gaggawa. Sukarin jini 5.6, gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, babu zafin jiki, babu sanƙarar wuya. Sodiyam 109, potasiyam 2.8. Aka tsayar da tiyazaid nan take, aka sa robar fitsari.

Mai jijjiga da sodiyam 109 ba a jira a gama binciken dalili. Aka ba ta ruwan gishiri mai kauri, kashi 3, mililita 150 ta jijiya cikin minti 20, kamar yadda ƙa'idar likitocin Turai ta 2014 ta tanada. Lissafinsa a fili yake. Lita ɗaya ta wannan ruwa tana ɗauke da milimol 513 na sodiyam. Ruwan jikin tsohuwar mace kimanin kashi 45 ne na nauyinta, lita 23 da 'yan kai ke nan a gare ta. Da ma'aunin Adrogué da Madias na 2000, mai hasashen yadda ƙarin ruwa zai canja sodiyam, mililita 150 za ta ɗaga ta da kimanin maki 2.5. Bayan kashin farko sodiyam ya kai 111. Aka maimaita. Ƙarfe 5 ya kai 114, jijjiga ta tsaya, ta buɗe ido tana amsa sunanta.

Maki 4 zuwa 6 sun isa su janye ruwa daga ƙwaƙwalwa har matsin cikin kai ya sauka. Ba a neman 135 a ranar farko. (A inda babu ruwan kashi 3, mililita 50 ta sodiyam baikabonet kashi 8.4 tana ɗauke da milimol 50, kusan daidai da mililita 100 ta ruwan kashi 3. Sai dai tana ƙara tura potasiyam ƙasa, kuma na wannan mata dama a ƙasa yake.)

Aka rubuta iyaka a takardarta: kada sodiyam ya wuce 117 kafin ƙarfe 4 na yammacin gobe, wato maki 8 cikin sa'a 24. Ƙa'idar Turai ta yarda da 10 a ranar farko, amma ƙwararrun Amurka a 2013 sun ce 8 ga mai haɗari na musamman, kuma ƙarancin potasiyam da rashin cin abinci sun sa ta a wannan sahu.

Rana ta 1, daga magariba zuwa asuba

Harshenta a bushe yake, jininta yana sauka idan aka zaunar da ita. Aka ɗauka jikinta na buƙatar ruwa, aka ɗaura lita ɗaya ta ruwan gishiri na yau da kullum, kashi 0.9, aka zuba milimol 40 na potasiyam a ciki, ya tafi cikin sa'a shida. Ƙarfe 10 na dare sodiyam 116. Aka sa gwaji na gaba ƙarfe 6 na safe.

Daga tsakar dare jakar fitsari ta fara cika da fitsari fari kamar ruwan randa. An zubar da ita sau biyu an rubuta adadin a takarda, kusan lita ɗaya da rabi cikin sa'a huɗu, amma ba a kira likita ba, domin babu umarnin a kira shi a kan yawan fitsari. Ƙarfe 6 na safe sakamako ya fito: 123. Maki 14 cikin sa'a 14. Ita kuwa tana zaune a kan gado ta nemi a kawo mata ruwan alwala, 'ya'yanta suna ta godiya.

Daga ina maki tara suka fito bayan an daina ruwan kashi 3? Kimanin uku daga ledar da aka ɗaura. Ruwan kashi 0.9 yana da milimol 154, ya fi jininta kauri, kuma potasiyam ɗin da aka zuba ana ƙirga shi tamkar sodiyam, domin yana shiga ƙwayoyi ya koro sodiyam waje. Isidore Edelman ya nuna wannan dangantaka tun 1958. Sauran makin ƙodarta ce ta kawo su. Ledar ta cike mata hanyoyin jini, tashin zuciya ya lafa, tiyazaid ya fara barin jiki, sai ƙwaƙwalwa ta daina sakin sinadarin ADH mai riƙe ruwa. Ƙoda ta samu sakewa ta shiga zubar da ruwan da ta tara na mako biyu. A jiki mai lita 23, kowace lita ta ruwa zalla da ta fita tana ɗaga sodiyam da kusan maki 5. Ma'aunin Adrogué da Madias yana ƙirga abin da ya shiga ne, ba ya ganin abin da ke fita ta roba.

Dalilin da ya sa 123 ta tayar da hankali

Zubar da taurin da mayo-inositol yana ɗaukar kwana biyu, amma mayar da su yana ɗaukar kwana biyar zuwa bakwai, domin sai ƙwaya ta ƙera sababbin furotin masu jawo su ciki. Idan jini ya yi kauri kafin nan, ruwa ya fice, astrosayit su yamutse. Potasiyam da sodiyam da kuloraid ne ke rugawa ciki su cike gurbin, kuma yawansu yana lalata naɗin furotin ɗin ƙwayar. A gwaje-gwajen ɓeraye an ga astrosayit ne ke fara mutuwa, shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya buɗe, ƙwayoyin da ke yi wa jijiyoyi rigar miyalin su rasa masu tallafa musu, rigar ta zube.

Adams da Victor da Mancall ne suka fara siffanta wannan a 1959, a tsakiyar fons, wani sashe da ke tushen ƙwaƙwalwa. Mugun halinsa shi ne jinkiri. Majiyyaci yakan warware, a yi murna, bayan kwana biyu zuwa shida sai harshe ya yi nauyi, haɗiya ta gagara, gaɓoɓi su mutu. Hoton MRI ma yana iya fitowa lafiya a makonnin farko. Zaman da ta yi tana neman ruwan alwala bai nuna an tsira ba.

Rana ta 2, ƙarfe 6 da rabi na safe

Aka yanke shawarar mayar da sodiyam baya. Aka cire duk wani ruwan gishiri. Aka ba ta desmofuresin maikurogiram 2 ta jijiya, wanda ke yin aikin ADH ya rufe ƙofar fitsari. Sannan ruwan sukari kashi 5, mililita 10 ga kowane kilo, 520 ke nan cikin sa'a ɗaya. Ruwan da ya jefa ta cikin jijjiga jiya shi ne maganinta yau, bambancin yana ga awo da agogo.

An yi wa iyalin bayani kafin a ɗaura, domin babban ɗanta ya gane ledar. Cikin sa'a ɗaya fitsari ya sauka ƙasa da mililita 40 a sa'a. Ƙarfe 8 sodiyam 121. Aka maimaita 520, ƙarfe 11 ya kai 118. Aka ƙara 250. Ana duba sukarin jini bayan kowace leda, saboda idan ya hau sosai yakan fito ta fitsari ya jawo ruwa, a koma gidan jiya. Ƙarfe 4 na yamma, sa'a 24 daga farawa, sodiyam 117. Ba ta yi jijjiga ba, hankalinta bai gushe ba.

Rana ta 2 zuwa ta 6

Tsarin ya canja gaba ɗaya. Aka ci gaba da desmofuresin maikurogiram 2 duk sa'a takwas don kada ƙoda ta sake yin gaban kanta, aka taƙaita ruwan da take sha tun da ƙofar fita a rufe take, aka riƙa ɗaga sodiyam da ruwan kashi 3 kaɗan-kaɗan. Potasiyam ta baki ake ba ta, ana ƙirga kowane milimol a cikin lissafin ranar. Gwaji duk sa'a huɗu, dare da rana. A saman takardar aka rubuta da babban baƙi: idan fitsari ya wuce mililita 100 a sa'a, a kira likita.

Rana ta 3 da yamma sodiyam 123, potasiyam 3.6. Rana ta 4, 128, aka tsayar da desmofuresin. Rana ta 5, 131. Ta koma cin tuwo da miya mai gishiri daidai, da wake da ƙwai. Rana ta 6 aka sallame ta a 133, aka canja mata maganin hawan jini zuwa amlodifin miligiram 5, aka rubuta a katinta kada a sake ba ta tiyazaid, domin wanda ya taɓa yi wa haka yakan maimaita. Aka faɗa wa 'yarta alamomin da za ta lura da su: nauyin harshe, ƙwarewa wajen sha, raunin hannu ko ƙafa.

Mako na 2 da na 6

A mako na biyu sodiyam 137, maganarta garau, tana tafiya ba tangaɗi. A mako na shida 138, hawan jini 138/84. Babu alamar lalacewar miyalin, saboda haka ba a yi MRI ba.

Hukunci

Rubuta tiyazaid ba laifi ba ne, magani ne mai araha da ke aiki. Laifin shi ne haɗa shi da umarni biyu marasa awo, a rage gishiri a yawaita ruwa, ga tsohuwa mai kilo 52 a watan Afrilu, ba tare da gwajin sodiyam bayan mako ɗaya ko biyu ba. Ruwan sukarin ƙaramin asibitin shi ne kuskure mafi muni a cikin jerin, kuma gwaji guda ɗaya ya isa ya hana shi.

Kashi biyu na ruwan gishiri mai kauri daidai ne, su suka tsayar da jijjiga. Ana yawan jin tsoron ruwan kashi 3 a ɗauka shi ke jawo wuce iyaka, amma a wannan lamari maki biyar ɗin da ya kawo an auna su an kuma so su. Waɗanda ba a so sun zo ne ta ledar da kowa ke ɗauka ba ta da haɗari, da potasiyam ɗin da ba a ƙirga ba, da tazarar sa'a takwas tsakanin gwaji biyu a daidai daren da ƙoda ta samu sakewa. A 114 saura maki uku kacal a iyakar ranar, kuma ledar da aka ɗaura ita kaɗai ta cinye su.

Mayar da sodiyam baya ya yi aiki ne saboda an yi shi cikin sa'o'i, kafin astrosayit ɗin da suka yamutse su kai ga mutuwa, kuma saboda an rufe ƙoda kafin a zuba ruwan. Da ruwan sukari kaɗai aka ba ta, da ya bi ta roba ya fice kamar yadda ya shigo. A majiyyaci irin wannan, wanda dalilin riƙe ruwansa zai gushe da zarar an tsayar da magani, akwai hujjar fara desmofuresin tun ƙarfe 5 na yammacin ranar farko, a lokacin da jijjiga ta tsaya sodiyam yana 114.